Yadda Ake Gano Asalin Tsohuwar Kujerar Roba: Wa Ya Ƙera Ta, a Ina, Kuma Yaushe

Tambayar da aka fi yi mini a 'yan kwanakin nan iri ɗaya ce, hoton ne kawai yake canzawa. Wani ya tsinci kujera a siton tsohon ofis, wata ta gada a gidan mahaifinta, wani ɗalibi a Jamus ya saya a kasuwar tsofaffin kaya. Sai a turo hotonta ta gaba a ce, "Malam, wannan ta asali ce? Wane kamfani ne ya yi ta?" Amsata ba ta canzawa: ta gaba ba zan iya sani ba. Kama da wane ba ta wane. Kujerun robar da aka zana a Amurka da Turai daga 1950 zuwa tsakiyar shekarun 1970 tun suna sababbi ake kwaikwayonsu, har gobe kuma ba a daina ba. Siffa kaɗai ba ta isa shaida ba, sai an kifa kujera an ga ƙarƙashinta.

Shaidu uku za ka tara: irin robar da aka yi ta da ita, rubutun da ke jikinta, da yadda aka haɗa mazaunin da ƙafafun. In bakinsu ya zo ɗaya, ka samu amsa. In ɗaya ya ware, akwai magana, domin ruwa ba ya tsami banza.

Kayan aiki

Tocila mai haske sosai, ta waya ma ta wadatar. Tef ɗin awo irin na tela. Ƙaramin maganaɗisu, ko wanda ka ciro daga matacciyar sifika. Tsumma mai laushi, tsohon buroshin haƙori, ruwa da sabulun wanka. Farar takarda da fensir. Sai bargo ko tabarma da za ka kifa kujerar a kai. Kusan duk akwai su a gida. Abin da zai ci maka kuɗi shi ne data, a mataki na 7.

1. Ɗauki hoto kafin ka taɓa komai

Fito da ita inuwa, inda akwai haske amma rana ba ta dukanta. Ɗauki hoton gaba, baya, gefe biyu da ƙarƙashi. Sannan ka matso kusa ka ɗauki bakin mazaunin, wurin da ƙafa ta haɗu da shi, kawunan kusoshi, da tafin kowace ƙafa. Auna faɗi, tsawo daga ƙasa zuwa ƙarshen jingina, da tsawo daga ƙasa zuwa mazauni, ka rubuta da santimita.

In mai kujerar yana nan, tambaye shi inda ta fito, ka rubuta abin da ya ce. Amma ka riƙe shi a matsayin labari, ba hujja ba.

*Gargaɗi:* kada ka wanke ta tukuna, kada ka bari yara su wanke ta. Tsofaffin kamfanoni da yawa takarda suke mannawa a ƙarƙashi, kuma takardar da ta shekara sittin ruwa ɗaya ya ishe ta. Ko guntunta ne ya rage, mai haruffa uku, a bar shi yadda yake.

2. Kifa ta ka nemi tambari

Shimfiɗa bargon, ka kifa kujerar a hankali. Share ƙura da busasshen buroshi. Yanzu shiga da ita ɗaki mai duhu, ka kwantar da tocila a gefe yadda hasken zai bi fuskar robar a kwance, ba ka haska ta kai tsaye ba. Rubutun da aka zubo tare da robar bai cika tasowa sosai ba, da rana ido yakan wuce shi, amma hasken gefe yana sa kowane harafi ya yi inuwa. Juya tocilar ta ɓangarori huɗu. Duba tsakiyar ƙarƙashin mazauni, kusa da bakin gaba, bayan jingina ta ƙasa, cikin ƙafafu in na roba ne, da ƙasan gindi in mai ƙafa ɗaya ce.

In ka ga alama amma ba ta karantuwa, ɗora farar takarda a kai ka goga fensir a kwance, yadda muke yi wa kwabo muna yara. Rubutun zai fito.

Tambari iri uku ne, kuma ba darajarsu ɗaya ba. Wanda aka zubo tare da robar shi ne mafi ƙarfi, don yana cikin mazubin da aka yi kujerar, kamar yadda sunan mai zubin tukwane yake fitowa a murfin tukunya. Na biyu hatimin tawada, wanda wani lokaci kwanan wata ne. Na uku takarda ko sitika, wadda ita ce mafi rauni, tunda ana iya ɓanɓaro ta daga wata kujera ko a buga sabuwa. In takardar fes take alhali duk kewayenta ya yi baƙi da tsufa, ka sa mata alamar tambaya.

Kwafe duk abin da ka gani harafi da harafi, har da lambobi da ƙananan zane irin su da'ira, tauraro ko kusurwa uku.

*Gargaɗi:* ba kowane suna a jikin kujera ne na maƙeri ba. Lambar da aka rubuta da fenti, ko ɗan falle na ƙarfe mai sunan makaranta ko ma'aikata, na mai kujerar ne, don lissafin kadara. Yana da amfani wajen sanin inda ta zauna, amma ba shi ne kamfanin ba.

3. Gane irin robar

A bakinmu duk roba ce. A wannan aikin kuwa bambancinsu shi ne rabin amsar, don kowace iri da lokacin da ta shigo.

Ta farko ita ce faiba, wato roba mai zaren gilashi a ciki. Matso da ido: za ka ga siraran zare sun watsu ko ta ina kamar gashi a cikin ƙanƙara. Ɗaga ta ga rana, masu launi mara duhu sukan bar haske ya ɗan ratsa. Tana da tauri, ba ta lanƙwasuwa sosai, in ka ƙwanƙwasa da ƙumba tana amsawa da ƙarfi. Wadda ta sha rana fuskarta takan zaizaye zaren ya fito, ta riƙa sa ƙaiƙayi a hannu. Kujerun farkon wannan zamani, na shekarun 1950, da faiba aka yi su.

Ta biyu folifurofilin, wadda ake taƙaitawa da PP. Ita ce robar bokiti da kujerun haya na biki. Ba ta sheƙi sosai, tana da santsi kamar kakin zuma, tana lanƙwasuwa ta dawo, kuma inda aka matsa mata takan yi fari. A 1954 aka gano ta a Italiya, aka fara sayar da ita a 1957, fitacciyar kujerar farko da aka yi da ita kuwa ta fito a 1963. Saboda haka duk wanda ya ce maka kujerar PP ta 1950 ce, ko bai sani ba ko yana son kuɗinka.

Ta uku ABS, mai sheƙi da tauri, irin robar tsohuwar wayar tarho ta tebur. Kamfanonin Italiya sun yi aiki da ita sosai daga ƙarshen shekarun 1960. Fara takan koma ruwan ɗorawa in ta daɗe a rana.

Ta huɗu kumfa mai tauri da ake kira foliyuretan. Tana da nauyi da kauri, kuma fenti ake yi mata. Nemi inda ta ɗan ɓantare: in launin ciki daban ne da na waje, mai yiwuwa ita ce. A PP da ABS launin ciki da na waje ɗaya ne.

Duba kuma sawun inji. Robar da aka tura cikin mazubi da ƙarfi, wato PP da ABS, takan bar 'yar cibiya inda robar ta shiga, da ƙananan da'irori a ƙarƙashi inda sandunan inji suka turo ta waje, da siririn layi a gefe inda mazubin ya rabu biyu. In akwai guntun da ya riga ya karye da kansa, jefa shi a kofin ruwa: PP tana tasowa, ABS tana nutsewa.

*Gargaɗi:* kada ka yanki kujera don gwaji, kada ka ɗana mata wuta ko allura mai zafi. Kuma ka nisanta ta da tina, fetur da ruwan goge farce. Ni da kaina na taɓa yin wannan wautar. Wata jar kujera ce mai sheƙi, fenti ya ɗiga a kan rubutun da ke ƙarƙashinta, na ɗebo tina a tsumma na goga. Kafin in ɗaga hannu wurin ya yi laushi ya dusashe, zaren tsumman ya manne a ciki, haruffan da nake son karantawa suka narke tare da fentin. Garin neman gira na rasa ido. Ruwa da sabulu kawai, shi ma a kewaye takarda.

4. Sa rubutun ya faɗa maka shekara

Ko babu kwanan wata, ƙananan rubuce-rubuce suna kafa iyaka. Ga waɗanda na fi dogara da su.

Kusurwa uku ta kibiyoyi mai lamba a tsakiya, daga 1 zuwa 7, a 1988 aka ƙirƙiro ta a Amurka. Lamba 5 ita ce PP. Kujerar da ke ɗauke da ita ba ta girmi 1988 ba, ko da zanenta na 1960 ne. Wannan alamar ita kaɗai ta kashe gardama da yawa. Wani dillali ya taɓa rantse mini cewa kujerarsa tun zamanin Turawa take. Na kifa ta na nuna masa lamba 5 a cikin kibiyoyinta, na ce, "Alhaji, Turawan sun daɗe da tafiya kafin a haifi wannan." Dariya ya yi ya ce shi ma haka aka gaya masa.

Agogon zubi: 'yar da'ira mai lambobi 1 zuwa 12 a kewaye, da kibiya a tsakiya da lambobi biyu a gefenta. Kibiyar tana nuna wata, lambobin biyu shekara. Wani lokaci kuma jadawali ne mai ɗige-ɗige, ɗigo na ƙarshe shi ne watan da aka zuba ta.

Sunan ƙasa: in an rubuta West Germany ko W. Germany, kafin haɗewar Jamus ne a 1990, ko dai mazubin kafin lokacin aka sassaƙa shi. GDR ko DDR Jamus ta Gabas ke nan.

Adireshi: lambar gidan waya mai lambobi biyar a 1963 ta fara a Amurka, a Jamus kuma sai 1993, kafin nan ta Jamus huɗu ce. Adireshin intanet a jikin takarda yana nufin daga tsakiyar shekarun 1990 zuwa yau.

Lambar rajistar ƙirƙira, wadda ake rubutawa bayan Pat. ko Patent: a Amurka lambobin a jere suke tafiya. Sun kai 2,500,000 a 1950, sun kai 3,000,000 a 1961, sun kai 4,000,000 a ƙarshen 1976. In takardar ta jero lambobi da yawa, ɗauki mafi girma.

*Gargaɗi:* kusan duk waɗannan alamomin abin da suke cewa shi ne "ba a yi ni kafin shekara kaza ba". Ba su ce a shekarar aka yi ta ba. Kamfani yakan shekara ashirin yana aiki da mazubi ɗaya. Agogon zubi da hatimin tawada ne kawai ke ba da ainihin lokaci. Haka nan shekarar da ke kusa da sunan mai zane, sau da yawa shekarar zanen ce, ba ta ƙira ba.

5. Duba haɗin mazauni da ƙafafu

Nan masu kwaikwayo suka fi tonuwa, don nan ne ake rage tsada. Duba ko kusa ta huda mazaunin ta fito ta sama, ko an manna wani abu a ƙarƙashi an ɗaura ƙafar a jikinsa, ko kuwa gurbin kusar a jikin robar aka zubo shi. Ɗora maganaɗisu a ƙafafun: ya kama, ƙarfe ne, bai kama ba, galibi alminiyam ne. Kalli waldar, ko mai tsabta ce iri ɗaya a ko'ina, ko kuwa irin ta bakin titi ce da aka yi daga baya. Kalli tsatsar kusoshi, ko ta yi daidai da tsufan ƙafafun. Zaren kusoshin Amurka da inci ake auna shi, na yawancin Turai da milimita. Mai sayar da noti zai bambance maka su a minti ɗaya.

Nemi kuma tabon tsohon haɗi: da'irar busasshen gam, ramin da aka toshe, ko wurin da launi ya fi haske. Wannan yana nuna an sauya ƙafafu. Mazauni na asali a kan sababbin ƙafafu abu ne da ake yawan gani, ba laifi ba ne in an faɗa, amma farashinsa daban.

*Gargaɗi:* kada ka zauna da ƙarfi don gwada ƙwarinta, kuma kada ka kwance kusar da ta ƙi. Tsohon gam yakan saki ba sallama.

6. Gwada abin da ka samu da manyan gidaje

Kujerun da aka fi tambayata a kansu ba su wuce gida biyar ko shida ba.

*Ƙoƙon Eames.* Charles da Ray Eames, mata da miji, su suka zana shi, kamfanin Herman Miller na Zeeland a jihar Michigan ya fara sayarwa a 1950. Mazauni da jingina ƙoƙo ɗaya ne na faiba, akwai mai hannu akwai mara hannu. Abu na farko da za ka duba: a ƙarƙashi akwai baƙaƙen fayafayan roba guda huɗu, irin robar taya, da aka manna da gam, a jikinsu ake ɗaura ƙafafu. In ka ga kawunan kusoshi a saman mazauni, ko dai ba Eames ba ce, ko wani ya huda ta da gam ya saki. Herman Miller ba shi yake zuba ƙoƙon da kansa ba a farko; kamfanin Zenith Plastics na Gardena a Kalifoniya ne. Masu hannu na shekarun farko suna da igiya da aka binne a bakin ƙoƙon ta baya, za ka ji ta da yatsa, da takarda mai murabba'ai kamar allon draf mai sunayen kamfanonin biyu. Waɗannan su ne masu tsada. Daga baya wasu kamfanoni sun zuba, irin su Summit Plastics da Cincinnati Milacron, kowa da ɗan tambarinsa, sannan tambarin Herman Miller mai kama da harafin M ya fara fitowa a jikin faibar. A Turai kamfanin Vitra na Suwizalan ya samu lasisi a 1957, kuma ya daɗe yana sayarwa da sunan Herman Miller, saboda haka wannan sunan ba ya nufin lallai a Amurka aka yi ta. An daina na faiba tsakanin ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990, aka dawo da siffar da PP, sannan a shekarun 2010 aka sake dawo da faiba. Ke nan ƙoƙon PP mai tambarin Vitra na gaske ne, amma ba tsoho ba ne. Akwai kuma tsofaffin kujerun faiba na Krueger da Chromcraft, su ma na Amurka ne, na wancan zamanin, sai dai ba Eames ba ne. Modernica na Los Angeles shi ma yana yin ƙoƙon faiba da sunansa.

*Mai ƙafa ɗaya, Tulip.* Eero Saarinen ya zana wa Knoll a tsakiyar shekarun 1950. Sama faiba, gindi alminiyam na zubi mai faɗi kamar faifai, maganaɗisu ba ya kama shi. Adireshin New York da ke takardar Knoll yana taimakawa: 575 Madison Avenue na shekarun 1950 ne, 320 Park Avenue na shekarun 1960, 745 Fifth Avenue na shekarun 1970. In gindin ya rabu huɗu kamar farfela, duba sunan Burke na Texas. A Ingila kuma Arkana ya yi masu kama da ita, sunansa yakan fito a ƙasan gindi.

*Panton.* Mai siffar S, ba ƙafafu, zubi ɗaya daga sama har ƙasa, zanen Verner Panton ɗan Danmak. A nan robar ce take faɗin shekara. Na farko, wajen 1967, faiba ne kuma kaɗan aka yi. Daga 1968 zuwa 1971 kumfa mai tauri ce mai fenti. Daga 1971 zuwa 1979 aka koma wata roba mai suna Luran S, alamarta haƙarƙari ne a jere a ƙarƙashin gwiwar kujerar, inda mazauni ya lanƙwasa zuwa gindi. An tsayar da ita a 1979 don ta nuna tana tsagewa in ta tsufa, saboda haka in taka mai haƙarƙari ce kada a riƙa zama a kai. A 1983 aka dawo da ta kumfa, da sa hannun Panton a gindi, sannan a 1999 Vitra ya fito da ta PP mara sheƙi. Jabunta suna da yawa ƙwarai.

*Polyprop ta Robin Day.* Kamfanin Hille na Ingila, 1963. Ƙoƙon PP a kan ƙafafun bututun ƙarfe, ana jera su ɗaya kan ɗaya. An yi miliyoyinta, an kuma ba kamfanoni a ƙasashe da dama lasisin yin ta, don haka za ka iya ganin sunan Hille tare da na wani. Ta makaranta mai rami a jingina, Series E, a 1971 ta fito. Yawanta ya sa ba ta da tsada, ko ta asali ce.

*Na Italiya.* Waɗannan su suka fi sauƙi, don Italiyawa ba sa rowar rubutu: sunan kamfani, sunan mai zane, lambar samfuri da Made in Italy duk sukan fito a ƙarƙashi. Universale ta Joe Colombo, mai rami a jingina da ƙafafun da ake cirewa, ta Kartell ce daga 1967. Selene ta Vico Magistretti, wadda ƙafarta ke da lanƙwasa kamar S in ka leƙa ta ƙasa, ta Artemide ce. Plia mai naɗewa, wadda ake ganin haske ta cikinta, ta Giancarlo Piretti ce a kamfanin Castelli.

Farar kujerar biki kuwa, mai zubi ɗaya, ba ta cikin wannan sahu, ko da yake tana da kaka a Faransa: Fauteuil 300 ta Henry Massonnet, 1972, daga kamfaninsa STAMP. Sai ka ga wannan sunan a jiki za ka tsaya. Sauran na jiya-jiya ne.

7. Bincika a intanet, amma da tsari

Fara da rubutun, ba da hoton ba. Rubuta kalmomin da ka kwafe daidai yadda suke. In akwai lambar rajista, sa ta a Google Patents ko Espacenet, kyauta ne, za su nuna maka zanen da sunan mai shi da shekarar. Bayan nan ne za ka sa hoton a Google Lens don samun sunan samfurin.

Da ka samu suna, nufi rumbunan gidajen tarihi: Vitra Design Museum, MoMA na New York, da V&A na Landan. Suna ba da awo da irin roba da shekaru. Gwada awonka da nasu. Bambancin rabin santimita ba komai ba ne, amma in ya kai uku ko huɗu a faɗin ƙoƙo, mazubi daban ne.

*Gargaɗi:* Google Lens siffa yake gani, shi ma ta gaba yake kallo kamar kowa. Zai kira kowane ƙoƙo Eames. Haka masu talla a shafukan saye da sayarwa, suna kwafar kuskuren juna. Kalmar style ko inspired ko replica a talla tana nufin kwaikwayo ce, mai kayan ya faɗa maka a fakaice.

8. Yanke hukunci, sannan maganar kuɗi

Ɗauko takardarka ka jera shaidun uku. Hukuncin ɗaya ne cikin huɗu. Ta asali kuma tsohuwa: roba, tambari da haɗi duk sun dace da zamani ɗaya. Ta asali amma sabon bugu: kamfanin mai lasisi ne, robar ko alamomin na baya-bayan nan ne. Tsohuwa ta wani kamfani: ta zamanin ce, mai kama da fitacciya, da sunanta daban. Sai jabu. In babu tambari ko kaɗan, wanda yakan faru idan takarda ta faɗi, iyakar abin da za ka ce shi ne robar da haɗin sun yi daidai da na kamfani kaza. Kada ka wuce nan, musamman in sayarwa za ka yi.

Wajen farashi, kada ka kalli abin da masu talla suke nema, nemi abin da aka riga aka sayar a gidajen gwanjo, da hoton ƙarƙashinsa. Ƙoƙon Eames na faiba na gama-gari a Amurka da Turai yakan tashi a ɗaruruwan dala, mai igiya da takardarsa kuwa yakan haura haka nesa. Abubuwan da ke karya farashi su ne tsaga, huda, sabon fenti, da goge fuska da samfefa. Fenti musamman: mutum ya ga kujera ta dusashe ya kai wa mai fentin mota, ta fito tana ƙyalli, darajarta kuwa ta zube, don zaren faibar da masu saye ke nema an binne shi. Tsohon launi, ko ya koɗe, ya fi.

Ga wanda yake gida, ya sa a ransa cewa wancan farashin na can ne. A wurin 'yan gwangwan, ko Panteka a Kaduna, ko Katako a Yamai, tsohuwar kujera da nauyin ƙarfenta ko da amfanin zama ake yi mata kuɗi, kuma wannan shi ne ribar mai ido: in ka ci karo da ita ka saya a haka, ba sai ka yi wa mai kaya lacca ba, amma kuma kada ka yi masa ƙarya in ya tambaya. Sayar da ita waje kuwa wani aiki ne. Kujera ba ta da nauyi amma tana cin wuri, kamfanonin aikawa kuma da girman kwali suke lissafi, ba da nauyi kaɗai ba. Kai musu awon da ka ɗauka a mataki na 1 su faɗa maka kuɗin tun kafin ka yi ciniki da kowa. Ga kujera irin Polyprop, kuɗin jirgin zai fi kuɗinta. Ga Panton, wadda ba a kwance ta, kwalin sai ya kusa kai mita a tsaye.